Ranar da Na Auna Iskar Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da wani malamin jami'a ya zo Gumel binciken zafin gari ba. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, ina ƙaramin malamin firamare, ya ɗauke ni in riƙa raka shi. Murna kamar in tashi sama. Ga ma'aunin zafi a aljihun gaba (da gangan nake barin kansa a waje), ga ni a gaban motar Landiroba, yau Maigatari, gobe Gagarawa.

Aikin ya shiga raina sosai. Mu auna ɗakin kwano, mu auna soro, mu auna gindin darbejiya, mu ga yadda lungu ɗaya ke gasa mutum, na kusa da shi kuwa sanyi ƙalau.

A lokacin ina neman auren Talatu, mahaifinta Malam Habu kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai Allah ya sa gidansa ya fi duk inda muka auna sanyi, don zaurensa ƙofa biyu ne suna kallon juna, iska na ratsawa. Na ce shi ke nan, na samu abin burge tsoho.

Bayan la'asar na same shi a zaure da abokansa dattawa. Na durƙusa na gaishe su, baki har kunne.

"Baba, albishirinka. Mun kasa mutanen garin nan uku. Akwai 'yan kwano, su ke shan wuya. Akwai 'yan inuwa. Ku kuwa duk gidan nan 'yan iska ne."

Dattawan suka kalli juna. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) na zaci mamakin ilimina suke yi, har na ƙara da cewa, "Wallahi mun auna, babu kamarku."

Malam Habu ya ajiye carbinsa. "Har da Talatun, malam?"

Sai a nan kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Kunya ta rufe ni, gumi ya keto min a zauren da ya fi ko'ina sanyi. Na fice da sauri, takalmana ma wani ne ya biyo ni da su.

Kawuna ya sha zarya da goro kafin aka ba ni Talatu. Tun daga ranar, ko an tambaye ni yanayin gidan surukaina, cewa nake yi akwai ni'ima, in ja bakina in yi shiru.