Fitilar Da Na Zaɓa Wa Makewayi

Ba zan taɓa mantawa da 'yar ƙarar nan ba: tas! Ƙasa ce ta ɓantalo daga rufin madafa ta faɗo kan murfin tukunya ina tsaka da talge. Na ɗaga kai, na ga gara ta cinye azara saura ɓawo. Daga wannan tas ɗin komai ya fara.

Shekarun fari ne, lokacin da famfon Damagaram ya koma yin tari maimakon ruwa, kowa ya dogara da 'yan garuwa. Ba lokacin gini ba ne, na sani. Amma saƙo ya zo daga Tirmini cewa hatsi bai yi ba, iyayen maigida za su dawo wurinmu da jikokinsu har Allah Ya kawo sauƙi. Ga madafa tana shirin rushewa, ga makewayi zanarsa duk ta zube. Maigida ya ce a gyara, ya bar mini tsarin.

Ni kuwa dama ina da abin da ke damuna. Tun aurenmu Iya, uwar mijina, ba ta taɓa faɗa mini magana mai zafi ba, sai dai in na yi wani abu ta ce, "To, 'yar lakwal ce." Na ƙudura wannan karon sai ta ga 'yar lakwal, wato 'yar boko, ta iya riƙon gida.

Madafa ba ta ba ni wahala ba: sabon rufi, taga ta fitar hayaƙi, kanta ta jera kwanoni, ampul ɗaya, wato ƙwan lantarki, a tsakiya. Makewayi ne na zuba wa duk ilmina na kolej. Na sa aka yi daɓen siminti, aka rufe sama, aka kafa dush, wato shawa, irin wanda na gani gidan wata ƙawata (ruwan da zai bi ta cikinsa kuwa, na bar wa Allah). Da yake idon Iya ya yi rauni, kuma kunama ba ta raina makewayi, na zaɓi doguwar fitilar neyon mafi haske a kasuwa, na ce a kafa ta ƙasa-ƙasa a bangon baya don ta haska daɓe. Gefen da ke kallon tsakar gida kuma na ce kada a ja bango, a sa farin tol, wato kwanon rufi na roba, wanda rana ke ratsawa, saboda ranar da aka ɗauke wuta. Magini ya jinjina kai ya ce, "Madam, wannan dabara ko a Yamai sai an tona." Na ji daɗi har cikin raina.

Ranar da baƙin suka iso, ranar aka gama haɗa wuta. Da rana muka gwada, fitila ta kama, muka ce alhamdu lillahi.

Na wuni a gindin murhu. Bayan magariba na kai wa kowa tuwo a tsakar gida, surukina Baba Malam da maigida a tabarma ɗaya, Iya da yara a ɗaya, na ce bari in watsa ruwa kafin lisha. Na shiga, na kunna fitilata, na tsaya ina kallon yadda ko allura ta faɗi za a gan ta.

Wankan fari kuwa kun san shi. Na tsaya cikin baho don kada ɗigo ya salwanta, ina ɗibar ruwa da gwangwanin tumatir. Na murɗa dush ko da rabo, ya yi tari. Na ɗan buge shi. Na sake bugunsa. Na ɗaga ƙafa ɗaya ina cuɗa diddige kamar shamuwa, santsi ya kwashe ni, na yi ta fiffika da hannuwa kafin in tsaya.

A nan ne na lura gidan ya yi tsit. Gidan da yanzu-yanzu yara ke rigima kan ƙanzo. Sai na ji muryar maigida yana ta gyaran murya, sannan ya ce, "A kashe wuta." Na ce a raina, ikon Allah, tun yau an fara tsumulmular lantarki? (Makunnin yana ciki. Ni na ce a sa shi ciki.) Sai ƙarar gudu zuwa babban makunnin gida, sai duk gidan ya yi duhu. Ni kuma, da ƙarfina, a gaban surukai: "Wa ya kashe mini wuta?"

Na lalubo zane na fito. Ga Baba Malam ya juya yana fuskantar katanga da tasbaha a hannu. Ga Iya ta baza mayafi ta lulluɓe yara kamar kaza da 'ya'yanta. Maigida kuwa ya mayar da wutar kawai. Na waiwaya. Butar da na bari a ciki, ga inuwarta nan a jikin tol, hancinta da marfinta, ta yi girman raƙumi.

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Sallar lisha dai na yi ta, amma Allah kaɗai Ya san abin da na karanta.

Da safe na tarar Iya ta ɗaure tsohuwar zana a kan tol ɗin da hannunta. Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa. Ta ce, "'Yar nan, ni ban ga komai ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ruwan nan da kike tarawa a baho, ki riƙa zuba wa lemun tsamin can. Yanzu ba kowace mace ke da wannan tattalin ba." Daga ranar ba ta sake ce mini 'yar lakwal ba. Na samu abin da nake nema, ta hanyar da ba zan yi wa ko maƙiyi fatanta ba.

Yanzu duk wadda ta zo neman shawarar gyaran gida, abu ɗaya nake ce mata: fitila, ki gwada ta bayan rana ta faɗi, kuma ki tsaya daga waje.

Ina wanke-wanke a ranar da Iya ta ɗaure zanar, autata Fanna ta zo ta jingina da bayana, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, yau ma za ki yi silima? Jiya Iya ta rufe mana ido, ban ga ƙarshen ba."