Sababbin Tayoyin Malam Hashimu

Malam Hashimu tsohon malamin dabbobi ne a Gusau, ya yi ritaya shekara tara ke nan, kuma duk unguwarsu babu wanda bai san motarsa ba. Ko ba ka gan ta ba, ka ji ta. Tun yana ƙaramin ma'aikaci ya saye ta a hannun wani. Asalinta koriya ce, amma yanzu ƙofa ɗaya shuɗiya ce, murfin baya kuma da igiya ake ɗaure shi. Shi dai a wurinsa ba a sake ƙera mota irinta ba, duk wanda ya ce ta tsufa kuwa sun ɓata ke nan na sati guda.

To sai ga tafiya ta taso. Ranar Asabar za a je Talata Mafara nema wa ɗansa aure, yayansa Alhaji Mamuda kuwa ya aiko cewa a bar wannan abar a gida, kowa ya shiga jif ɗinsa, kada a isa ƙofar surukai da turi. Maganar ta tsaya wa Malam Hashimu a rai. Ya rantse tunda shi ya haifi yaron, a motarsa za a je. Matsalar ɗaya ce, tayoyin gaba sun suɗe kamar tafin hannu, har wayar ciki ta fara leƙowa. Mai facin bakin titi ma ya gaya masa shi kam ya gama nasa, babu sauran wurin liƙa faci sai a kan wani facin.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsaya a shagon Isiya mai taya, ya fito yana gyara babbar riga, ya ce a ba shi irin tayoyin jif ɗin nan masu manyan haƙora, yana da tafiya Mafara su biyar, yana so motar ta ɗaga ta yi kwarjini. Isiya ya tsuguna ya goge gefen tsohuwar tayar da yatsa, ya nuna masa lambar da ke jiki, ya ce tasa sha uku ce, ta jif kuwa sha bakwai, ba za ta zauna a wilin ba. Ko da an canza wilin, da zarar ya karya kwana tayar za ta riƙa cin jikin mota, ga shan mai. Malam ya ce tun kafin a haifi Isiya yake tuƙi, ba a shagon taya za a koya masa mota ba.

Isiya bai yi musu ba. Ya gangaro da taya ɗaya ta jif ya jingina ta da motar, sai ga ta tana neman taɓa hannun ƙofa. Mutanen da ke zaune a bencin mai shayi suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Malam ya yi gyaran murya ya tambayi kuɗinta. Da ya ji, sai ya ce shi da ma can babbar taya ba ta burge shi, kayan masu son a sani ne.

Aka koma kan 'yan Kwatano, wato waɗanda aka ci rabinsu a wata ƙasa. Malam ya zaɓi mafi araha, ya shiga duba ta kamar yadda ya saba duba bijimi a kara. Ya matsa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa cikinta, har da sansanawa, sannan ya ce lafiyarta ƙalau. Isiya ya nuna masa wasu lambobi huɗu na sati da shekarar da aka yi ta, ya ce ta shekara takwas, robar duk ta tsattsage.

"Baba, mutum biyar a mota, ga zafin kwalta har Mafara," in ji shi. "Wannan ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora iyalina a kanta ba."

Ya fito da wasu sababbi dal, lamba sha uku, ba su da wani babban suna amma kuɗinsu da sauƙi. Nan ciniki ya kaure. Sau biyu Malam yana shiga mota wai ya fasa, sau biyu yana fitowa da kansa ba tare da an kira shi ba. Sai da aka yi kiran azahar sannan ya haƙura ya sayi biyu, yana mitar an cuce shi.

Da aka ɗaura su, ya zagaya motar sau uku hannu a baya, yana hango fuskar Alhaji Mamuda ranar Asabar. Ya shiga, ya rufe ƙofa da ƙarfi, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari biyu ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko tarin ma ba ta yi ba. 'Yan benci suka ajiye kofuna suna jira. Malam ya leƙo ta taga, gumi na bin gemunsa.

"Kai Isiya, me ka yi mata? Da lafiyarta ta zo nan, daga sa tayoyinka ta ƙi tashi."

Isiya ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Yi mata haƙuri, Baba. Tun da ta zo hannunka sai yau ta fara sa sabon takalmi, tsayawa ta yi tana kallon ƙafarta."