Yadda Za Ka Ɓoye Ƙaramar Amfilifayarka Har Unguwa Ta Ɗauke Ka Babban Makaɗi

Kai da ka sayi amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, mai ƙarfin wat biyar, wadda girmanta bai wuce butar shayi ba, kana kuma jin kunyar a gan ka da ita a titin Shillong, garin nan namu na ƙasar Indiya, kwantar da hankalinka. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, kafin damina ta ɗauke za a riƙa nuna ka da baki ana cewa ga babban makaɗin jita can, ba tare da ka koyi ko waƙa ɗaya har ƙarshenta ba. Tabbas ne, babu ko shakka.

Dabarar ba tawa ba ce, ta maƙwabcina ce, Bah Teibor (a nan Bah ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Kong), kuma a kan idona ya gwada ta daga farko har inda ta kai shi. Teibor auta ya aura, don haka a gidan uwar matarsa yake zaune kamar kowane mijin auta a al'adarmu. Yana da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene inda yake kaɗa jitarsa. Da ruwa ya sauka bana, wanki ya ƙi bushewa, sai surukarsa Kong Tngen ta tsaya a bakin ɗakin da jiƙaƙƙen zanin gado a kafaɗa.

"Teibor, shekara da shekaru ina jin tin-tin-tin a ɗakin nan, ban taɓa ganin wanda ya gayyace ka ko bikin yaye kyanwa ba. Ka fita ka yi kiɗa a gaban mutane in gani da idona. In ba haka ba, jita ta koma ƙarƙashin gado, ɗakin ya zama na shanya."

"Mei," in ji Teibor, wato Mama, "ai fasaha ba a yi mata gaggawa."

"Zanin gadon ma ba zai jira fasaha ba."

Aka yi sa'a Kong Saphi mai shagon shayi a gindin tudu ta ce ya zo ranar Asabar da la'asar ya kaɗa wa masu cin jadoh, shinkafar nan tamu da nama. Ga ɗaki a kan sikeli, ga rana an sa. Yanzu sai darasi.

MATAKI NA ƊAYA: Ka tsani abin da kake da shi

Kada ka yarda wani ya ruɗe ka da cewa ƙaramar amfilifaya ta isa shagon shayi. Za su ce maka shagon bai fi falon gidanku ba. Za su ce ƙarama ce ake iya murɗawa sama har muryarta ta yi zaƙi ba tare da gilashin taga ya fashe ba, babba kuwa a irin wurin nan dole ka bar ta a ƙasa-ƙasa tana gurnani kamar karen da aka ɗaure. Duk gaskiya ne. Amma kai ba gaskiya ka fito nema ba, girma ka fito nema.

Ka dube ta kowace safiya ka yi tsaki. Teibor har tawul yake rufa wa tasa in an yi baƙi.

MATAKI NA BIYU: Ka guji bita

Wannan shi ne ginshiƙin komai. Ƙaramar amfilifaya muguwar abokiyar zama ce, domin ba ta iya rufa asiri. In yatsanka ya zame, za ta faɗa. In wayar jita ta saki, za ta faɗa. Ga ta da sauƙin ɗauka, ga ramin da za ka soka abin kunne ka yi ta bita ba wanda ya ji, wato ta ƙwace maka duk wani uzuri. Abin da ya ƙwace maka uzuri kuwa maƙiyinka ne.

Saboda haka ka koyi farkon waƙoƙi masu wuya kawai. Ka kaɗa ɗan guntu mai sauri, ka tsaya, ka girgiza kai, ka ce, "Kayan ne ba su da ƙarfi." Masana sun tabbatar da cewa mutumin da bai taɓa kai waƙa ƙarshe ba, ba a taɓa kama shi da kuskure a ƙarshen waƙa ba.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan da garin nan. Gari ne da kusan kowane gida akwai jita a rataye, yara suna iya raba murya a coci tun kafin su iya ɗaure takalmi, amma mun zauna muna auna makaɗi da nauyin kayansa! Saurayi zai yini a bakin titi yana tauna goro da ganye, yana musu kan wat ɗari da wat ɗari biyu, yatsunsa kuwa laushi kamar na jariri. A ce masa ya shiga ɗaki ya maimaita baiti ɗaya har ya zauna masa, sai ya ce yana jiran kaya daga babban birnin Guwahati. Har yaushe?

Na kauce hanya. Mu koma.

MATAKI NA UKU: Ka je wurin kafinta

Ka sa ya ƙera maka akwati na katako, tsayinsa ya kai ƙirjinka. A shafe shi da baƙin fenti, a ɗaure masa baƙin ƙyalle a gaba, a rubuta WAT ƊARI da farin fenti inda mai larurar ido ma zai gani. A baya a yi ƙofa mai sakata. Ka zura ƙaramar a ciki, ka huda rami wayoyi su fito.

Za ka lura muryarta ta koma kamar ta mai magana daga cikin bargo, kuma tana zafi saboda babu iska. Kada ka damu. Mutane ba sa jin abin da idonsu ya riga ya yanke hukunci a kai.

Saura nauyi. Akwatin da mutum ɗaya ya ɗauka da hannu ɗaya ba ya jawo daraja. Ka zuba tubala a ciki. Teibor bai wahalar da kansa ba, ya kwashe waɗanda ke bayan gida, waɗanda Kong Tngen ke ɗora tukwanen furanninta a kai. Ina ba ka shawara ka yi koyi da shi a komai ban da wannan.

MATAKI NA HUƊU: Ka tabbata unguwa duka ta gani

Akwatin da ba a gani ba, asarar katako ne. Kada ka shiga tasi daga ƙofar gida. Ka bi matakalar dutsen nan da ta ratsa tsakiyar unguwa, ka nemi majiya ƙarfi su kama maka, ka rufe saman da leda amma ka bar rubutun a buɗe. A kowace kwana ka ce a sauke a huta.

Haka Teibor ya yi. Mata suka leƙo ta taga. Wani dattijo ya cire goro daga baki ya ce, "Bah, wa ya rasu?"

"Ba gawa ba ce, kayan kiɗa ne."

"To Allah ya ji ƙan kunnuwanmu."

In an yi maka irin wannan ba'a, ka ɗauke ta yabo. Ka ƙara da cewa, da ƙarfi, "In na murɗa ta rabi kawai, har kasuwa za a ji." Teibor ya faɗi haka daidai ƙofar gidan mai unguwa, Bah Rilang, wanda ke zaune a baranda yana shan shayi.

MATAKI NA BIYAR: Ka manta da wane wata ake ciki

Babban makaɗi ba ya zuwa taron unguwa, yana da abin yi. Don haka ba zai san cewa an zauna an yanke cewa muddin yara na jarrabawar tsakiyar shekara, babu mai kunna babbar lasifika a unguwar ba. Kowa ya san yadda muke da maganar taro: in an yanke, an yanke, ko kawunka ne mai unguwa.

La'asar ta yi, shagon Kong Saphi ya cika. Akwatin ya cinye wurin tebur guda, har sai da aka tura wasu suka tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu. Kong Tngen ta zauna a gaba da lemarta a kan cinya, fuskar nan kamar ta mai duba takardun jarrabawa. Teibor ya rataya jita ke nan sai ga Bah Rilang ya shigo yana kakkaɓe ruwa daga hularsa.

"Bah Teibor, sannu da ƙoƙari. Amma wannan abin ba zai yi kuka yau ba."

"Bah, a hankali zan kunna."

"Da kunnena na ji ka ce rabi kawai har kasuwa. Jikata tana can tana fama da lissafi. Ka mayar da shi gida, bayan jarrabawa ka zo mu yi magana."

Kong Saphi ta ce, "Ni dai tebur guda na rasa saboda wannan kabad ɗin. In ba kiɗa, a fitar mini da shi."

Kong Tngen ta duba agogo kawai, ta soma gyara lemarta. Teibor ya san ma'anar wannan. Ya riga ya hango igiyar shanya daga bango zuwa bango.

MATAKI NA SHIDA: In ta kai maka nan, ka zaɓi kunyar da za ka iya ɗauka

Hanya biyu ce. Ko ka tsare mutuncin akwati, ka sake neman majiya ƙarfi su hau da shi tudu cikin ruwa, ka rasa ɗaki amma ka ci gaba da zama babban makaɗin da hukuma ta hana wasa. Wannan ita ce hanyar da nake koyarwa, kuma mutane da yawa a garin nan sun tsufa a kanta cikin daraja.

Teibor ya ba ni kunya. Ya tsaya yana kallon surukarsa, sannan ya zagaya bayan akwatin ya zare sakata.

Bah Rilang ya sunkuya ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Ina sauran?"

"Ita ke nan, Bah. Wat biyar ce."

"Wannan ai rediyon matata ya fi ta."

Shago ya ɗauki dariya har wani ya ƙware da shayi. Kong Tngen ta taso ta leƙa ita ma. Ba amfilifayar ta kalla ba.

"Tubalaina ne waɗannan?"

"Aro na yi, Mei."

"Furannina na can zaune a cikin laka, ashe tubalan sun zo kallon wasa."

Mai unguwa ya share hawayen dariya ya ce dokar taro ba ta hau kan wannan 'yar mitsitsiya ba, ya ja kujera ya ce a kawo masa jan shayi. Kong Saphi ta ɗauko amfilifayar da hannu ɗaya, ta ɗora ta a kan kujerar gora, ta jingina ta baya kaɗan don ta fuskanci kunnuwan mutane maimakon gwiwoyinsu. Ruwa na dukan kwanon rufi, don haka Teibor ya murɗa ta kusan ƙarshe. Sai ga muryar ta fito tas, mai ɗumi, ta cika shagon daidai bakin ƙofa ta tsaya.

MATAKI NA BAKWAI: Kada ka taɓa sauraron abin da ake rerawa a gidanku

Nan ne kuskurensa na ƙarshe, kuma ina faɗa don ka kiyaye. Ya gwada guntayen nan nasa masu sauri, kowanne ya mutu a hanya, ƙaramar kuma ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Mutane suka fara komawa ga farantansu. Ashe akwai waƙa ɗaya da ya sani har ƙarshe ba tare da ya yi niyya ba: wata tsohuwar waƙar ƙauye da Kong Tngen ke rerawa in tana wanki a bayan ɗakinsa, wadda ya daɗe yana bi da yatsa a hankali don kada a ji babban makaɗi na kaɗa waƙar wanki.

Ita ya kama. A baiti na biyu yatsa ya zame, kowa ya ji.

"Ba haka ba ne," in ji Kong Tngen daga kujerarta. "Sama take hawa a nan. Sake."

Ya sake. Ta ɗora murya don ta nuna masa, Kong Saphi ta shiga ta ƙasa, Bah Rilang ya kawo tasa mai kauri, kafin a kai amshi duk shagon ya rabu murya-murya kamar an yi musu bita. Da akwai wat ɗari a wurin, da ba wanda ya ji kansa balle ya shiga.

Da aka tashi, Kong Saphi ta ce ya dawo Asabar mai zuwa, "amma kai da 'yar ƙaramar kawai." Teibor ya matsa kusa da surukarsa.

"Mei, maganar ɗaki fa?"

"Baiti na biyu har yanzu bai zauna ba. Ka riƙe ɗakin, ka shiga ka gyara shi." Ta ƙwanƙwasa akwatin da kan lema, ta leƙa tsayinsa, ta shafa ƙyallen gaban. "Wannan kuma nawa ne. A hau mini da shi, da tubalaina."

Yau in ka bi ta barandarsu za ka gan shi. Ta sa an gicciya sanduna a ciki, ta jera tubalan a ƙasa ta ɗora kaskon gawayi, tururi na fita ta baƙin ƙyallen. Safa da rigunan makaranta suna bushewa kafin a gama shan shayi. Rubutun WAT ƊARI na nan, kuma mata biyu a layin sun riga sun je wurin kafintan suna neman mai wat ɗari biyu.

SANARWA

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a ciwon baya, ko ɓacin ran mai unguwa, ko mutuwar furanni, ko safar da ta ƙone. Alkawarin da na yi a farko yana aiki ne ga wanda ya bar sakata a rufe har abada. Wanda ya buɗe, aka ji kuskurensa a fili, ya koma ɗaki yana maimaita baiti ɗaya kamar yadda nake jin Teibor yana yi yanzu ta bangon nan, shi ya jawo wa kansa. In ya wayi gari ya iya kiɗa, kada ya zo ƙofata da ƙorafi.