Kilishin Italiya

Na fi wata shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan.

Ni mutum ne da ko biskit zan saya a kantunan titin Wendover, nan Greensboro inda muke zaune, sai na karanta bayan kwalin, don tsoron haram. Da za mu je hutu Italiya ni da matata Rabi, tun a jirgi na gargaɗe ta kada ta taɓa komai sai na duba.

Mun sauka da yunwa. A gidan abinci aka kawo busasshen nama ja, an yanka shi fale-fale. Na ce, "Kilishinsu ne, yaji kawai ya rasa."

Ta ce, "Baban Amina, ka tambaya mana."

Na ce, "Yau ni za a koya wa kilishi?" Na cinye, na nemi ƙari.

Ita ta tambaya. Mai kawo abincin ya nuna mana cinyoyi rataye a bango. Ban taɓa ganin saniya mai gajeriyar ƙafa haka ba.

Da Rabi ta ce na alade ne, na yi istigfari har na gaji. Rabi kuwa ta baza labarin, yanzu ko a masallacin Greensboro Sarkin Kilishi ake kirana.

Don Allah, wanda ya san Italiya ya gaya mini: suna da gajerun shanu?