Yadda Za Ka Burge Suruki da Aikin Faibar Ƙarƙashin Teku

Idan ka bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawari babu uban yarinyar da zai sake tambayarka "me kake yi?" ka tsaya kana sosa ƙeya. An gwada hanyar. Abokina Jamilu ne ya fara bin ta a kan shawarata, lokacin da Alhaji Abdulbaƙi na Nasarawa GRA ya ce ba zai ba da 'yarsa Zulaiha ga wanda digirinsa ke kwance a durowa ba. Yau Alhaji ba ya kiran sunan Jamilu sai ya haɗa da "injiniya".

1. Zaɓi sana'ar da ba mai iya bincikawa

Kar ka ce likita, suna da su a gida. Kar ka ce kasuwanci, za a tambaye ka inda shagon yake. Ka ce kana koyon haɗa faiba, wato zaren gilashi mai sirin gashin kai wanda haske ke bi ta cikinsa. Ka yi saurin ƙarawa da cewa ba ta intanet ɗin gida ba ce, ta na'urorin nan ce da ake zurawa ƙasan teku su duba bututun mai, matuƙinsu na zaune cikin jirgi yana kallon allo. Tsakanin Kano da teku akwai tafiya, don haka duk abin da ka faɗa ya zauna.

2. Koyi abin da gaske

Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya shekara talatin yana sauraron ƙarya, ya san ƙamshinta. Shiga kwas. Za a koya maka fere rigar zaren, ka goge shi da sifirit, ka yanke bakinsa daidai, ka sa bakuna biyu a inji ya narka su su haɗe. Idan zaren ya tsinke a teku, allo ya yi baƙi, kuma duk mutanen jirgi kai za su juyo su kalla.

Ga gargaɗi. Ɓoye kwalbar sifirit. Hajiyar Jamilu ta tsinci tasa a ƙarƙashin gado, ta shinshina, ta yi salati, ta aika a kira kawunsa ya yi masa nasiha. Sannan kar ka yi gwaji a kan kafet ɗin falo, don ɓurɓushin gilashin ba ya ganuwa, mu kuma mutanen zaman ƙasa ne. A nan kawun ya harɗe ya fara nasihar. Bai kai ga ayar farko ba ya miƙe, sauran a tsaye ya ƙarasa.

3. Karɓi duk wata matsala da ta shafi ruwa

Da zarar labari ya bazu, duk abin da ya jiƙe a dangin yarinyar, aikinka ne. Famfon bohol ya faɗa rami, a kira injiniya. Tanki na yoyo, a kira injiniya. Tarwaɗar Alhaji na mutuwa a kududdufin bayan gida, injiniya dai. Kar ka taɓa cewa ba fanninka ba ne. Leƙa, girgiza kai, ka ce, "Wannan bai kai zurfin da muke aiki ba." Sai ka koma gefe ka kira Garba mai gyaran famfo daga Gama.

4. Nuna wa Alhaji, gani ya kori ji

Je da ƙaramar fitilar nan mai jan haske da ake gwada zare da ita. Shimfiɗa zaren daga wannan kujera zuwa waccan, ka naɗe tsakiyarsa, ka haska. Jan ɗigo zai fito a ɗaya bakin.

"Ikon Allah," in ji Alhaji, da ya gyara tabarau. "Wato hasken ne yake ɗauko hoton daga ƙasan ruwa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Jamilu.

"Sake yi mu gani."

Daga ranar, duk zuwa zance a falon Alhaji zai ƙare. Yarinyar za ta aiko da lemo, ta leƙo, ta koma, lemon ya huce. Kar wannan ya dame ka. Mai hankali yana neman mai bayarwa ne, ba abin da za a bayar ba.

5. Kar ka hana shi taimakonka

Manyan GRA ba sa yabon yaro su bar shi haka, sai sun ɗaga waya. Kowannensu yana da abokin makaranta a wani wuri, na Alhaji kuwa yana wani kamfani a Fatakwal.

"Ranka ya daɗe, ai ban gama ƙwarewa ba," in ji Jamilu.

"Ka gama. Na riga na yi magana, ba kuwa za ka kunyata ni ba."

Kafin a bar ka ka hau jirgi, za a ɗaure ka a kujerar wani akwati mai kama da helikwafta, a kifa shi cikin ruwa, a ce ka fito. Jamilu, wanda ruwan da ya taɓa shiga bai wuce na damina a layukan Tudun Murtala ba, ya gane ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ya dai ci jarrabawar, ko da yake ya sha wani kaso na ruwan wurin gwajin.

6. Kar ka saurari yarinyar

Aikin na watanni ne a teku, a dawo a huta kaɗan, a koma. Ranar da Jamilu ya je sallama, Zulaiha ta tare shi a bakin get.

"Baba ne yake son injiniya," ta ce. "Ni miji nake so, wanda zan riƙa ganin takalminsa a bakin ƙofa bayan Magariba. Ka zauna mana, Jamilu."

Ya zo wurina, ya ce ko ya fasa tafiyar. Har ga Allah ya ba ni tausayi. Na ce masa shagwaɓa ce, ya tafi abinsa. Ya tafi, kuma ga shi yau duk jirgin ba wanda ya fi shi iya haɗa zare. Intanet ɗin jirgin ma mai ƙarfi ne, hotunan kamun Zulaiha ko ɗaya bai wuce shi ba.

A kula

Na yi alkawarin za ka burge suruki, ban ce za ka sami mata ba. Babu ruwana da amai a jirgi, ko ciwon mazaunan kawu, ko kukan da mutum zai yi a tsakiyar teku. Masu yaɗa cewa da gangan na ba Jamilu shawara kuwa, su ji tsoron Allah, matar mutum kabarinsa. Mai ƙorafi ya same ni a shagona na tayil a Giginyu, ya ce Auwalu yake nema. Amma ya zo da wuri, don kafin Magariba nake rufewa. Zulaiha ba ta son in yi dare.