Malamin Tuƙi da Rumfar Mota

Wani ne, malamin koyar da tuƙi. Irin waɗanda za ku gani zaune a gefen ɗalibi, ƙafa a kan birki, baki ba ya hutawa da "a hankali, a hankali." Yana haya a wani gidan bene, ƙofarsa tana kallon ƙofar wani tela. Kowannensu da motarsa, gidan kuwa rumfar ajiye mota ɗaya tak gare shi. Wanda bai samu rumfa ba, sai gindin bishiyar da ke bakin get. Bishiyar nan kuwa, jama'a, duk tsuntsun unguwar a kanta yake kwana, kuma ba ya tashi sai ya sauke abin da ya ci. Ka ajiye jar mota da yamma, da safe ka tarar da fara.

Sun yi rigima a kan rumfar nan har sun gaji. Rannan sai telan ya kawo shawara.

"Malam, ba kana buga gem ɗin tseren mota a kwamfuta ba? Ni ma ina ɗan taɓawa. Duk ƙarshen mako mu kara. Wanda ya ci, rumfa tasa ce har mako ya zagayo."

Gogan naku ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tuƙi? Da ni? Tela, ka kuwa san da me nake ciyar da iyalina?"

Ranar tsere kowa ya zauna a falonsa, aka bar ƙofofi a buɗe don a riƙa jin juna. Aka ɗaga tuta. Tela ya fice fit, ko ƙurarsa ba a gani. Shi kuwa Malam sai ya gyara zama. Ya duba madubin dama, ya duba na hagu. Ya lalubi sigina a jikin sitiyarin wasan, bai samu ba, ya yi tsaki, sannan ya hau titi. Da ya hango kwana tun daga nesa sai ya taka birki. Wata mota ta matso masa ta baya, sai ya kauce gefe yana miƙa hannu.

"Wuce, wuce, sarkin gaggawa. Ka je ka kashe kanka."

Na ƙarshe ya zo. Mako na gaba ma haka, na gabansa ma haka. Kullum da sassafe yana bakin get da bokiti da soso yana kankarar gilashi, tela yana wucewa yana masa sannu da aiki. Abin bai tsaya a nan ba. Wata ɗalibarsa ta zo za ta shiga mota, ta kama hannun ƙofa, ta ji wani abu da danshi. Ko sallama ba ta yi masa ba, ta koma makarantar tuƙin da ke tsallaken titi. Wannan ya ƙona masa rai ba kaɗan ba, don ɗaliban nan su ne abincinsa.

Ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano bakin zaren.

"Kwamfutar ce," ya ce wa matarsa. "Nauyin jiki gare ta. Ina taka mai, sai ta tsaya tunani."

"Ni dai birki na ga kana takawa."

"Ke me kika sani a harkar tuƙi?"

Ana cikin haka kwamfutar tela ta mutu murus. Ya ce a dakata da tsere sai ya samu wata, amma rumfa tana hannunsa tunda shi ya ci na ƙarshe. Malam ya ce ya ji ya gani. A ransa kuwa murna fal, ga damar da zai gyara tasa ta zama dodo.

Matar ta ji shirin, ta ajiye wankin da take ninkewa.

"Baban yara, ka saurare ni da kyau. Kuɗin cefane, ko sisi. Kuɗin makarantar yara, ko kallonsu kada ka yi. Ka je ka ɗauki ɗan abin da ka ɓoye a aljihun tsohuwar kwat ɗinka, wanda kake zaton ban sani ba. Iyakarka ke nan."

Ya rungumi kwamfutar, sai shagon masu sayar da kayan kwamfuta na hannu. Mai shagon ya kwance ta, ya leƙa, ya hura, ƙura ta turnuƙe su.

"Yallaɓai, wannan lafiyarta ƙalau. Ka ƙara mata ram, a share ƙurar nan, shi ke nan. Kuɗinka ma za su yi saura."

"Ram? Wanne ne ram?"

Mai shago ya ɗago wani ɗan siririn abu kamar matajin kai.

"Haba malam! Wannan ɗan tsiriri ne zai ƙwato min rumfa? Mota ma da girman inji ake gane ta. Wancan fa, mai fanka uku, mai fitilu?"

"Katin hoto ne, shi ke zana abin da kake gani a allo. Amma yallaɓai, ya fi ƙarfin aljihunka, ya kuma fi ƙarfin kwamfutarka."

"Aljihuna ko naka?"

Mai shago ya ga mutum ya zo da niyyar rabuwa da kuɗinsa, sai ya daina wa'azi.

"To, akwai hanya. Ka bar min tsohon katinka, ka yi ciko."

Malam ya ji daɗin kalmar nan, ciko. Ya juye duk abin da ke aljihun kwat, ya bar tsohon kati, ya taho gida da sabo a rungume kamar jariri.

Kati ya ƙi shiga akwatin kwamfuta. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, jelarsa tana waje. Ya sa gwiwa ya danna, ƙarfe ya yi ƙara. Yana cikin neman zarto a kicin matar ta kama shi.

"Me za ka yanka?"

"Ɗan gefe kawai zan rage."

"Na katin ko na akwatin?"

"Ban yanke shawara ba tukuna."

Washegari ya koma shago. Ya bar tsohon akwati, ya yi ciko da kuɗin agogonsa, ya karɓo babba mai gefen gilashi. Kati ya shiga daram. Ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Fanka uku suka juya sau ɗaya, sai fat! Wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Daga can tsallaken baranda tela ya ƙwala kira.

"Malam! Lafiya? Ina tsakiyar guga!"

"Gwaji nake yi!"

Mai shago ya ce tukunyar wutar cikin kwamfutar ce ta yi ƙanƙanta, ba za ta iya ciyar da katin ba. Aka bar tsohuwa, aka yi ciko. Wannan karon rediyon mota ce ta tafi. Da kwamfuta ta tashi sai Malam ya tuna da ɗan tsiririn nan, ya ce to a ba shi ram ɗin ma, amma sabon yayi, mai fitila. Ram ya ƙi zama a raminsa, don ba zamaninsu ɗaya da madabod ba, wato faffaɗan allon da komai ke hawa kansa. Aka canza madabod. Sabon madabod ya ce shi bai san tsohuwar furosesa ba, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan, ko gaisawa ba za su yi ba. Aka canza furosesa. Furosesa ta fara zafi, aka canza mata fanka.

Ku tambaye ni ina yake samun cikon. Bawan Allah ya daina cin abincin rana. Safayar taya ta tafi, jak ya bi ta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai shago kuwa da ya hango shi tafe sai ya jawo kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. Duk abin da Malam ya bari, sai ya jefa shi cikin wani kwali a ƙarƙashin kanta. Ranar ƙarshe har faifan ajiya da wayoyi da ƙusoshi suka shiga kwalin.

Malam ya dawo gida yana taƙama.

"Kin ga wayo? Duk tarkacen nan na sauke wa mutumin nan. Wallahi har tausayi ya ba ni."

Kwamfuta kam ta yi kyau, ba ƙarya. Falo ya koma ja, ya koma shuɗi, ya koma kore. Yara suka daina kallon talabijin, suka koma kallon fanka.

Ba a jima ba tela ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Malam, na samu wata 'yar ta hannu, mai araha. In ka shirya, na shirya."

"Tela, ka je ka yi sallama da rumfa."

Aka buɗe ƙofofi, aka ɗaga tuta. Malam ya kalli allo, bakinsa ya buɗe. Da can komai dishi-dishi yake gani, yanzu kuwa har tsakuwar titi ana ƙirgawa. Ga allunan gefen hanya tar, ana karanta su. Ga 'yan kallo cunkus a bakin titi, kowa da fuskarsa.

"Innalillahi! Ashe akwai mutane a nan? Duk wannan lokacin a gabansu nake wucewa? Allah ne kawai ya tsare ban take wani ba!"

Ya rage gudu. Ya hango allo mai nuna kwana a gaba, ya ƙara ragewa. Ya hango wata mata a cikin 'yan kallo ta ɗaga hannu, sai ya tsaya cak.

"Baba, tafi mana!" in ji babban ɗansa.

"Rufe min baki. Ba ka ga baiwar Allah tana son tsallakawa ba?"

Matar nan kuwa zane ce, tun da aka ƙirƙiri gem ɗin hannunta yake sama. Malam yana jira, yana mata alama ta wuce. Tela ya gama tsere, ya tashi ya sa maɓallai a rigar wani, ya dawo, ya leƙo.

"Malam, ko mai ne ya ƙare?"

Ran gogan ya ɓaci. Ya tashi fuu, ya tsallaka baranda ko takalmi babu.

"Ina kwamfutar? Nuna min abin da ka sayo! Wallahi akwai maguɗi!"

Tela ya nuna ƙarƙashin teburin yanka. Malam ya durƙusa. Ya ga akwati mai lotsawa a gefe, daidai inda gwiwar mutum za ta danna. Ya ga jan harafin nan na masu koyon tuƙi da shi da kansa ya manna a gaba. Ya kasa kunne, ya ji fanka tana tarin da ya sani.

"Wannan ai tawa ce!"

"Taka kuma? A shagon bakin kasuwa na saya. A kwali ma na tarar da ita, a gabana mai shagon ya haɗa."

"Katina ne! Madabod ɗina ne! Har ƙusoshin nawa ne!"

"Ikon Allah," in ji tela. "Shi ya sa mai shagon ya yi ta yabonta. Ya ce mai ita mutum ne mai lallaɓa kaya, tunda ya saye ta bai taɓa sa ta gudu ba."

Malam ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Can sai ya ɗago, idonsa na ƙyalli, alamar ya sake gano bakin zaren.

"Na gane! Ashe tsohuwar ce mai gudun. Mai shagon nan ya san haka, shi ya sa ya yi ta raba ni da ita gunduwa-gunduwa. Macuci! Tela, mu yi musaya. Ka ɗauki sabuwar, ka ba ni abata."

Tela ya leƙa falon Malam, ya ga fitilu suna wasa a bango. Ya haɗiye dariya, ya ɓata fuska.

"Kai, Malam, da wuya. Na riga na saba da ita."

"Don girman Allah. Maƙwabtaka fa."

"To, saboda kai ne. Amma sai ka yi ciko."

Ya yi ciko da lasifikokinsa guda biyu. Da hannunsa ya kinkimo sabuwar kwamfuta ya kai wa tela, ya jona masa, ya goge gilashin da gefen rigarsa. Ya rungumo tsohuwar ya dawo da ita gida yana shafa ta yana ba ta haƙuri.

"Yanzu-yanzu za a sake! Ba sai mako ya zagayo ba!"

Aka ɗaga tuta. Kafin Malam ya gama duba madubi, tela ya sha kwanar farko. Kafin Malam ya kai rabin zagaye, tela ya kewayo ya biyo shi ta baya yana danna masa hon ta cikin lasifikokinsa na da. Gogan naku kuwa, hali ya riga ya zauna, sai ya kauce gefe, ya miƙa hannu, ya ba shi hanya.

Da aka gama ya saki sitiyari, ya jingina da kujera, gumi na zuba. Tela ya shigo yana kaɗa makullin motarsa a yatsa. Matar tana tsaye a ƙofar kicin, ta harɗe hannuwa.

"Ni fa abin nan ya ɗaure min kai," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Na canza kati. Na canza akwati. Na canza wuta, na canza ram, na canza ƙwaƙwalwa. Na canza kwamfutar ɗungurungum, na sake canzo ta. To me ya rage ban canza ba?"

Tela ya kalli silin. Matar ta dube shi tun daga sama har ƙasa, sannan ta juya wajen tela.

"Abin da ya rage kam ga shi nan zaune a kan kujera. Don Allah in ka koma shagon ka tambayar min, shi ma ana kai tsoho a yi ciko?"