Kan Ragon Mutanen Alai

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Ammi Toktosun ba, ko da tsufa ya share mini komai. A shekarun 1960 ne, ina sayar da tsire a unguwar Utaibiyya ta Makka, ni Bakanon da ya zo Hajji ya ƙi komawa, ba takardar iƙama ba dalilinta. Tukubata kullum a guje take, yau wannan lungu, gobe 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, sun kora ni wancan. Babban burina a duniya shi ne ɗan filin da ke ƙofar gidan burodin Ammi, inda ba mai taɓa mutum.

Shi Ammi (baffa ke nan da Larabci) tamis yake gasawa, wannan faffaɗan burodin. Duk Makka Buhari ake ce masa, shi da duk mutanen tsakiyar Asiya, kamar yadda mu ma aka tattara mu aka ce Takari. Amma shi mutumin Kirgiz ne, daga wata gunduma cikin duwatsu wai ita Alai. Ya gudo tun yana saurayi, hanyar komawa kuma ta toshe. Da ka zauna zai fara jero maka ƙauyukansu: Gulca mai kasuwa, Sari-Tash inda sanyi ba ya wasa, wane ƙauye ya cika da jama'a, wane ya watse, wa ya auri 'yar wa. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake ina "Sahih, ya Ammi," alhali idona na waje yana auna inda tukuba za ta zauna. (Har na taɓa ce masa al'adunsu kaf na san su, ai na yi dakon kayan alhazai a Mina. Allah Ya yafe wa bakin nan nawa.)

Ranar da na roƙi filin sai ya ce, "Shagon da hannun dattawanmu a ciki, ya Hajji. Ka zo walima su gan ka."

Na je, da babbar riga da rawani fari ƙal. 'Yan Alai da ke ƙasar duk sun hallara, wasu daga Ɗa'if, wasu daga Madina, an zaunar da su ƙauye-ƙauye. Wani ƙauyen ma tsoho ɗaya tal ya rage masa. Ni kuwa aka wuce da ni can ƙurya, wurin manyan baƙi, ina tafe ina baza riga kamar ni na aurar da ɗan.

Can sai ga faranti an dire a gabana: kan rago dafaffe, da wuƙa a gefensa. Ɗakin gaba ɗaya ya zuba mini ido.

Na ce a raina, to, labarin gwanintata a nama ya kai duwatsu. Na yanki kunci na ɗanɗana. Ruwa da gishiri! Ba yaji, ba citta, ko albasa babu. Tausayin kan nan ya kama ni, sai na tuna matata tana gida, kuma a farfesu ba ta da na biyu. Ga shi a wajenmu abin da aka ajiye wa baƙo nasa ne, in ya kai wa iyali ma ya nuna ya yaba. Sai na warware rawanina, na shimfiɗa, na naɗe kan tsaf, na tura shi bayana. Har da "Jazakumullahu hairan" da ƙarfi, don a san na sami tarbiyya.

Wani tsoho tukuf (daga baya na ji shi ne na Sari-Tash, tun daga Madina ya sha mota) ya riga ya miƙo hannu. A hankali ya mai da shi kan gwiwarsa.

Ammi ya matso kusa da ni. "Ya Hajji, ina za ka kai shi?"

"Gida, ya Ammi. A ɗan gyara shi."

Ya dube ni ya ce, "Na sha gaya maka. Babban baƙo ke yanka kai, ya raba, kowane ƙauye ya sami rabonsa. A can gida garke guda ba ya isar mu a biki. A nan kai ɗaya ya ishe mu duka. Shi ɗin ma ka naɗe."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na jawo ƙunshin na kwance, rawani ya jiƙe sharkaf da kitse, zare ya manne a kunnen ragon. Na ɗauki wuƙa, ni da na tashi cikin nama, na rasa ta inda zan fara.

"Fara da Gulca," in ji Ammi.

Na bi fuskoki da kallo. Wanne ne Gulca? Na yi ta maza, na zaɓi wani mai kwarjini a bakin ƙofa, na ratsa dattawa na miƙa masa da hannu biyu. Ashe direban da ya kawo mutanen Ɗa'if ne. Ya karɓa kuwa, ya cinye.

Ba a jima ba wani ɗan Yaman mai sayar da ful, dafaffen waken nan nasu, ya kafa tukunyarsa a filin. Ammi bai daina gaishe ni ba, tamis ma yakan ƙara mini gyara. Amma bai sake yi mini zancen Alai ba har ya rasu, kuma wannan ya fi rashin filin ci mini rai.

Darasin dai na koye shi da tsada. Gyaɗa kai ba wuya gare shi ba, amma in ka cika yi wa tsoho, wata rana zai ɗauka da gaske kana ji, ya miƙo maka wuƙa a gaban jama'a.